Wandon Fatar da Ba a Wankewa

A shekarar da na cika ashirin da biyar, abu ɗaya ne ya cika mini kai, iƙamata, wato takardar izinin zama a Saudiyya. A Jidda aka haife ni, a unguwar Sa'alaba, amma fasfon Sudan nake riƙe da shi kamar mahaifina, kuma tun ina jariri sunana yana ƙarƙashin iƙamar Baba. Abin da aka gaya mana shi ne, ɗa namiji in ya kai waɗannan shekaru kuma ya gama karatu, ba zai ci gaba da zama a takardar ubansa ba. Ko dai ya sami wurin aikin da zai zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a wajen hukuma, ko ya bar ƙasar. Ban karanta dokar da idona ba, amma duk wanda muka tambaya haka ya ce. Wata uku suka rage mini. Barin ƙasar kuwa ban san ina zai kai ni ba, domin garin da na yi jami'a a Sudan yaƙi ya watsa mutanensa, 'yan uwan da na zauna a gidansu kowa ya kama gabansa.

Kimiyyar sinadarai na karanta. Na kai takardun neman aiki wurare da yawa, wasu suka ce za su kira, wasu ko karɓa ba su yi ba. Kafin wani abu ya fito, nake zama a shagon kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya fi shekara talatin yana ɗinki a Sa'alaba. Shago ne ƙarami, keke biyu, teburin yanka ɗaya, da na'urar sanyi mai ƙara kamar injin niƙa. Ina yi masa guga, ina sa maɓalli, ina amsa waya. Shi ne ya ce mini wata rana, ba tare da ya ɗago kai daga keke ba:

"Duktur, in ba ka sami komai ba, zan roƙi kafilina ya ɗauke ka. Amma ka sani, tela za a rubuta maka."

Duktur yake ce mini tun ranar da na dawo da digiri, rabi wasa rabi alfahari. Na yi godiya. Na san cewa in aka rubuta wa mutum tela a iƙama, ba abu ne mai sauƙi ba ya koma wani abu, ko da yake akwai masu cewa ana iya canzawa. Ban ƙi tayin ba, ban kuma karɓa ba. Shi ma kafilin bai riga ya amsa ba, Kawu ne ke ta lallaba shi.

Kawu yana da wata ƙa'ida da duk unguwa ta san shi da ita. Tufa ba ta fita daga shagonsa sai an wanke ta, an goge, an turara. Ko hannun riga aka kawo masa ya rage, sai rigar ta kwana a gidansa, matarsa, wadda muke kira Khala, ta wanke ta, ta ɗora a kan kwandon turaren wuta. Ba ya tambayar mai kaya, domin a ganinsa tambayar ma cin fuska ce, kamar ka tambayi baƙo ko yana son ruwan wanke hannu. Mutane suna son haka. Na sha ganin dattijo ya karɓi tsohuwar rigarsa ya kai hanci, ya yi ta sa wa Kawu albarka.

Wata Asabar bayan la'asar, wani maƙwabcinmu direba ya shigo da maigidansa da matarsa, Turawa ne 'yan ƙasar Ostiriya, suna zaune a Ruwais. Mutumin dogo ne mai furfura, zafi ya mayar da fuskarsa ja. Direban ya ce injiniya ne, don haka Kawu ya fara kiransa Muhandis, ni ma na bi. Larabcinsa bai wuce na gaisuwa ba, sai na zama tafinta tsakaninsu da Turanci.

Matar ta buɗe akwati a kan teburin yanka. Ta fara fito da kayanta: 'yar riga mai kama jiki, baƙa, mai ƙananan ƙugiyoyi na azurfa a gaba, farar shimi mai kumburarren hannu, siket mai faɗi da tattara, da wani ƙyalle da ake ɗaurawa a gaba a kan siket ɗin, kamar na masu girki amma na siliki. Sai kwat ɗin mijin, toka-toka mai kauri da koren baki, da hula mai tuntun gashi a gefe. A ƙarshe Muhandis ya sa hannu da kansa ya ɗauko wani abu a naɗe cikin farin zane.

Wando ne na fata, gajere, iyakarsa gwiwa. A gaba yana da marfi da ake rufewa da maɓallai biyu na ƙaho, yana da igiyoyin rataya a kafaɗa, da wata fata a kwance a ƙirji da aka yi wa ɗinkin farin fure. A gefen ƙafafuwa akwai aikin zare kore, siffar ganye, amma da ƙyar ake ganinsa, domin wandon ya yi baƙi ƙirin, yana sheƙi kamar tsohon faranti, musamman a cinyoyi da mazauni. Yana da wari, ba zan ce mara daɗi ba, amma wari ne na hayaƙi da maiƙo da jikin mutum.

Kawu ya ɗaga shi da yatsa biyu.

"La'ilaha illallahu. Wannan daga ina aka tono shi?"

"Kawu, suna kallonka."

"Suna jin Hausa ne? Tambaye shi me yake so."

Muhandis ya yi bayani. 'Yarsu za ta yi aure a ƙauyensu, can ƙarƙashin tsaunukan Alps, kuma a irin wannan biki maza da mata kayan gargajiya suke sawa. Wandon na kakansa ne, fatar barewar dutse, kakan ya bar wa mahaifinsa, mahaifin ya bar masa. Duk inda aiki ya kai shi yana tafiya da shi. Yanzu ya yi masa kaɗan a ƙugu, yana so a buɗe baya a ƙara fata. Matar kuma rigarta ta matse, ƙyallen gaban ya tsufa tana son sabo.

"Uban amarya, gwiwa a waje a gaban surukai?" in ji Kawu. "Ce masa in yana so zan ƙara masa tsawo, ba zan faɗa wa kowa ba."

Na fassara, na ɗan rage kaifin maganar. Muhandis ya yi dariya har ya dafa tebur, ya ce surukan ma haka za su zo, limamin cocinsu ne kaɗai zai rufe gwiwa. Kawu ya ce to, Allah ya kyauta, ya ɗauko tef ya auna shi.

Ana cikin awon ne Muhandis ya tambaye ni inda na koyi Turanci. Na gaya masa, na kuma gaya masa abin da na karanta. Ya dube ni da kyau. Ya ce yana aiki ne a wani kamfani mai tace ruwan teku, kuma a ɗakin gwajinsu suna neman mutum. Ya tambaya ko ina da takarduna. Suna cikin aljihun tebur, ƙarƙashin kwalin maɓallai, a cikin leda, inda suke kullum. Na ɗauko na miƙa masa. Ya ce bai yi alkawari ba, amma zai duba, kuma ranar da muka kai kayan za mu yi magana. Aka sa mako biyu.

Ban gaya wa Baba ba. Na ji tsoron in ɗaga masa rai a kan abin da bai tabbata ba.

Ni mutum ne da ba na iya barin abu ban bincika ba. A kwanakin da suka biyo baya, duk lokacin da shago ya yi shiru, sai in buɗe waya in karanta game da waɗannan kaya. Na koyi cewa da can kayan aikin manoma da makiyaya ne da maharba, daga baya suka zama na biki. Na koyi cewa ɗaurin ƙyallen mace yana magana: in ta ɗaure a dama matar aure ce, in a hagu ba ta da aure. Da na gaya wa Khala, ranar da matar Muhandis ta je gidan Kawu aka auna ta, sai ta ce, "To in iska ta juya shi fa? Sai a zo neman auren matar mutane?" Matar ta yi dariya da na fassara, ta ce shi ya sa ake ɗaurewa da ƙarfi.

Na kuma karanta wani abu, ba wuri ɗaya ba, ba biyu ba. Irin wannan wando ba a wanke shi. Baƙin nan da sheƙin nan su ne darajarsa. Mutum yana goge hannunsa a cinya bayan ya ci nama, yana goge wuƙarsa, yana zama a kan benci shekara da shekaru, har fatar ta sha ta yi duhu. Sabon wando abin zolaya ne a wurinsu, tsoho kuwa ana gadonsa. Ko ban karanta ba, abin da na koya a jami'a ya ishe ni in san me ruwan zafi da sabulu za su yi wa fatar da aka jeme da mai.

Muhandis bai ce kada a wanke ba. Ina jin bai taɓa zuwa masa a rai cewa tela zai wanke abin da aka kawo masa gyara ba. Kawu bai tambaya ba, shi ma bai taɓa zuwa masa a rai cewa akwai mai son a mayar masa da kayansa da dauɗa ba. A duk Jidda, in ban yi kuskure ba, ni kaɗai ne na san ɓangarorin biyu.

Aikin ya tafi da kyau. Kawu ya je wurin wani tsohon baduku a bayan kasuwar unguwa, wanda kakanninsa suka zo aikin hajji daga Sakkwato suka zauna, ya zaɓo fatar akuya mai laushi. Ya farke bayan wandon da reza a hankali, ya sa fatar kamar kusurwa uku, ya ɗinke da hannu domin ya ce keke zai ɓata tsofaffin ramukan allura. Kwana uku ya yi a kai. Yana ɗinki yana gunaguni a kan warin, amma na ga yana shafa aikin zaren da babban yatsa, ya ce wanda ya yi wannan ya san hannunsa.

Ranar Alhamis da yamma, muna shirin rufewa, na ga ya naɗe wandon ya sa a jakar da yake kai wa Khala kayan wanki. Na daɗe ina shirya yadda zan faɗa masa, na tsara kalmomin a raina sau da yawa. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Kawu, kamar na ga an rubuta wai wasu ba su cika wanke irin wannan ba."

"Wasu su wa?"

"Mutanen can. Wai watakila ruwa yana iya ɗan taɓa fatar."

"Duktur, wasu ko wanka ba su cika yi ba, sai mu bi su? Mutum zai aurar da 'yarsa, ya shiga taro da wannan warin, a ce daga shagona ya fito? Takalmin fata ma ana wankewa. Yalla, kashe fitila."

Na kashe fitila.

Na sha komawa kan wannan minti ɗin. Ba tsoron faɗansa na ji ba, Kawu ba mafaɗaci ba ne. Abin da ya riƙe mini harshe, ina jin, shi ne a ranar da safe ya gaya mini ya sake yi wa kafilinsa magana a kaina, kuma kafilin ya fara sassautowa. Na ga kamar in na tsaya na ce masa, Kawu ba ka sani ba, ni na sani, a kan sana'ar da ya tsufa a cikinta, zan zama yaron da aka ɗauko don taimako ya zo yana koya wa mai gida aiki. Na kuma ce wa kaina ai ban tabbata ba, watakila Khala za ta goge ne kawai da tsumma, watakila abin da aka rubuta an yi ƙari. Ƙofofi biyu nake da su, ta kafilin Kawu da ta Muhandis, na ji tsoron in taɓa ɗaya ta rufe, sai na tsaya a tsakiya.

Da safiyar Juma'a na rubuta wa Khala saƙo a waya. Na karanta shi, na ga kamar ina zagaye Kawu ne ta bayan gida. Na gyara, na ƙara gaisuwa, na rage, na goge. Na ce bayan masallaci zan biya in faɗa da baki. Bayan masallaci Baba ya ce in raka shi Aziziyya gaisuwar rasuwa, ban iya ce masa ina da uzuri ba.

Ranar Asabar Khala da kanta ta kira ni gidan. Tana tsaye a tsakar falo, wandon yana kan kujera, kuma ba a kwance yake ba, a tsaye yake, shi kaɗai, kamar akwai mutum a ciki.

"Ya waladi, zo ka gani. Ruwa bakwai na canza, wallahi na farko kamar gahawa. Da ruwan zafi da buroshi na bi shi, na tausaya wa matar nan. Na shanya a saman soro jiya, da na je ɗaukowa sai na same shi haka. Ko ranar ce ta yi yawa?"

Ya koma launin ƙasa mai haske, kamar busasshen ganye. Koren zaren ya fito fes, karo na farko watakila cikin shekara hamsin. Fatar ta ƙandare kamar ganda, ta tsuke, in ka lanƙwasa sai ka ji tana ƙara. Yana ƙamshin turaren wuta mai kyau, domin duk da haka ta turara shi.

Kawu ya shigo ya tsaya. Ya ɗauka, ya juya, ya ajiye. Ya sa shi a jaka muka nufi wurin baduku.

Tsohon ya daɗe yana murza gefen fatar tsakanin yatsunsa.

"Wa ya yi wannan aika-aika?"

"Ni ne," in ji Kawu.

"Kai da furfurarka? To. Laushi zan iya dawo masa da shi, in Allah ya so. Tsukewar ma za mu ja ta kaɗan. Amma baƙin da kake cewa yana da shi, wannan ba ni na sa ba, ba ni zan mayar ba."

Kwana biyar yana shafa masa mai yana murzawa a kan guntun itace, yana ja yana bari ya huta. Kullum bayan azahar nake zuwa in duba, har ya ce mini in daina, kallona ba ya sa fata laushi. Ranar da muka karɓo, wandon ya yi taushi, ya ɗan yi duhu saboda man, kamar sabon takalmi. Kawu ya farke aikinsa na farko, ya sa fata mafi faɗi domin abin da ya tsuke. Duk wanda bai san shi da ba zai ce wando ne mai kyau.

Na ba Kawu shawarar mu kira Muhandis mu gaya masa tun kafin ranar. Wannan karon ma da watakila na fara. Ya ce irin wannan magana ba a yin ta a waya, mutum yana zuwa da ƙafarsa.

Ranar Asabar ta biyu, bayan la'asar, muka je Ruwais. Kawu ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Gidan yana hawa na huɗu, ta taga ana hango teku kaɗan tsakanin gine-gine. Matar ta karɓi kayanta ta shiga ciki, ta fito sanye da su tana juyawa, sabon ƙyallen shuɗi da Khala ta ɗinka yana ɗaure a dama. Ta ce ko a garinsu ba za a yi mata fiye da haka ba. A kan teburin falo na hango ledar takarduna, an ɗora mata biro.

Sai Kawu ya miƙa farin zanen da hannu biyu.

Muhandis ya buɗe. Ƙamshin turare ya cika ɗakin. Ya shimfiɗa wandon a cinyarsa, ya sa tafin hannu a kan cinyar dama ta wandon, ya shafa wurin sau biyu ko uku, kamar mai neman wani abu da ya faɗi. Matar ta ce wata kalma da harshensu ta zauna.

"Gaya masa," in ji Kawu, "ni na sa aka wanke. Al'adar shagona ce, ban san tasu ba. Ban yi don raini ba, na yi ne don in girmama bikin 'yarsa. Laifina ne ni kaɗai, ya yafe mini."

Na fassara duka, ban rage komai ba. Muhandis ya gyaɗa kai. Ya ce a nan, wurin da hannunsa yake, akwai wani dogon tabo inda kakansa yake goge wuƙa, tun yana yaro yake ganinsa. Ya ce ya gane ba da mugunta aka yi ba, kuma shi ma ya kamata ya faɗa. Na mayar wa Kawu, ya sunkuyar da kai.

Daga nan Muhandis ya juyo gare ni, ya yi magana a hankali, da Turancin da ya san Kawu ba ya ji.

"Kai ka karanta sinadarai. Ba ka san abin da zai faru ba?"

Babu wanda zai ƙaryata ni a ɗakin nan in na ce ba na nan aka ɗauka, ko ban gani ba sai bayan an gama. Na ga wannan hanyar sarai, ba zan ce ban gan ta ba. Na kalli ledar da ke kan tebur.

"Na sani," na ce. "Na ma karanta cewa ba a wankewa."

"Ka gaya masa?"

"Na ce masa watakila."

"Watakila," ya maimaita. Ba da fushi ba. Ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya naɗe wandon a zanensa.

"Me ya ce?" in ji Kawu.

"Ya ce ba komai."

Matar ta kawo mana shayi, muka sha don kada mu ƙi. Da za mu fita Muhandis ya raka mu ƙofa, ya yi wa Kawu musafaha da hannu biyu, ya yaba ɗinkin bayan wandon, ya ce aikin gwani ne. Ni ma ya ba ni hannu. Bai ambaci takardun ba, ni ma ban iya tambaya ba.

Ba zan iya rantsuwa cewa amsata ce ta rufe ƙofar ba. Watakila sun riga sun sami wani, watakila dokar aiki ba ta bari a ɗauki baƙo a wannan gurbin ba, watakila hidimar biki ce ta sa ya manta. Amma na yi tunani, mutumin da aikinsa shi ne ruwan da jama'a za su sha, me zai yi da ma'aikacin da zai ga abu a gwaji ya ce watakila? In ni ne shi, ina jin da na yi abin da ya yi.

Na jira mako uku. Duk ƙarar waya sai in ɗauka da sauri. Abin da ya zo a ƙarshe hoto ne, matar ta aiko wa Khala ta hannun direba. Maza ne kusan goma sha biyu a jere a kan ciyawa, bayansu dutse mai farin kai, dukkansu da huluna masu tuntu da dogayen safa, gwiwoyi a waje. Wandunansu baƙaƙe, suna sheƙi. A tsakiya uban amarya yana murmushi, nasa shi kaɗai ne mai haske, kamar na wanda ya saya jiya. Khala ta daɗe tana kallo, ta ce, "Amma dai nasa ya fi tsabta," sai ta kife wayar, ta tashi ta shiga kicin.

Saura kwana goma sha ɗaya wa'adina ya cika, Kawu ya ce kafili ya amince. Muka je ofishinsa a Aziziyya da safe, ɗan ɗaki a saman shagon kayan gini. Bai tambaye ni abin da na karanta ba. Ya tambaya ko na iya keke, Kawu ya ce ina koyo. Ya danna abin da zai danna a kwamfuta, saƙo ya shigo wayata, aka ce in amince. Na karanta shi sau biyu, duk da cewa layi huɗu ne. A gurbin sana'a an rubuta khayyaɗ, wato tela. Na danna.

"Halas," in ji kafili. "Mabruk."

A hanyar komawa, cikin mota, Kawu yana kallon titi ya ce:

"Ranar Alhamis ɗin nan ka faɗa mini. Na tuna."

"Ban faɗa da kyau ba, Kawu."

"Ni ma ban ji da kyau ba."

Muka isa Sa'alaba. Da muka buɗe shago ya kunna na'urar sanyi, ya janyo kujerar keke na biyu da ƙafarsa, ya ɗauko wani tsohon yadi da ba na kowa ba, ya zana layi a kai da alli daga wannan baki zuwa wancan.

"Zauna, Duktur. Bi layin nan. Kada ka yi sauri."